WAƘAR MINTI HUƊU TA CI MANA KWANA UKU A KASUWA DA TASHA

Duk wanda ya tashi a gidan Kirista a ƙasar Filato ko kudancin Kaduna cikin shekarun 1990, ba zai manta da kaset-kaset ɗin bidiyo na mawaƙa da akan sa wa baƙi ran Lahadi da yamma ba. Matan zumunta sun yi anko, sun jeru a gindin duwatsun Riyom ko a bakin ruwan Assop, suna rausayawa dama da hagu, babu kowa a bayansu sai ciyawa da sararin sama. Dutse ba ya tambayar abin da ya kawo ka, ruwa kuma ba ya cewa ka tare masa ciniki. Saboda haka aikin da sauƙi yake a wancan zamani. A ɗauki hayar mota ɗaya, a tafi da mai kyamara da rediyo mai kaset, kafin la'asar an dawo gida.

Matasanmu na yau sun ce su ba haka suke so ba. A ganinsu waƙa ta fito inda mutane suke, a kasuwa, a tasha, a bakin titi. Huɗu daga cikin 'yan zumuntar matasanmu suna karatun aikin fim da talabijin a nan Jos, aka kuwa ba su aikin ƙarshen zango cewa kowane rukuni ya kawo bidiyon waƙa guda. Suka zo suka roƙi wata sabuwar waƙa ta ƙungiyar mawaƙanmu, waƙar godiya ce ga Allah saboda abincin yau da gobe da kuma ƙarfin da ya ba mutum na nemansa. Suka ce ina ya fi dacewa da irin wannan waƙa in ba wurin da ake sauke abincin ba? Dattawan ikkilisiya suka yarda, amma da sharaɗi ɗaya, wato kada yaran su tafi su kaɗai. Ta haka muka sami kanmu, mu uku manya, muna riƙe wa ɗalibai jaka da batir har kwana uku.

Ba abin mamaki ba ne a ga ɗalibi da kyamara a titin Jos. A nan ne hedkwatar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya take, wadda aka kafa a 1979. Kwalejin Talabijin ta NTA tana Rayfield tun 1980, Cibiyar Koyar da Aikin Fim ta Ƙasa kuma ta fara aiki a 1995. Mutanen gari sun saba. Amma sabo da ganin kyamara daban, yarda a nuna ta a fuskarka kuma daban, wannan kuwa shi ne abin da muka koyo da wahala.

SALLAMA KAFIN SHIGA

Mako guda kafin ranar, muka je kasuwar kayan lambu ta Farin Gada hannu rabbana, babu kyamara. Wanda bai san wurin ba, nan ne ake sauke tumatir da tattasai da attaruhu da kabeji da karas daga gonakin Filato da maƙwabta, a yi lodinsu a manyan motoci zuwa kudu. Muka nemi shugabannin kasuwa, muka gaisa, muka faɗi ko su wane ne mu, muka kunna masu waƙar daga farko har ƙarshe domin kada daga baya wani ya ce an ɓoye masa cewa waƙar majami'a ce. Yawancin waɗanda muka zauna da su Musulmi ne. Suka saurara, suka ce ba laifi, sa'an nan suka gindaya nasu sharuɗɗa: kada mu zo ran Jumma'a, mu kashe lasifika da zarar an kira salla, kada mu tsaya a hanyar 'yan dako da masu baro, kada kuma mu hau kan buhun kowa.

Ɗaliban sun so su ji haushin wannan zama, gama a wurinsu ɓata lokaci ne. Amma shi ya cece mu. Ranar da muka dawo da kayan aiki, aka haɗa mu da wani saurayi ɗan kasuwar, duk inda muka tsaya shi yake fara magana. Kalma ɗaya tasa ta fi takardar makaranta goma.

YADDA AKE YIN ABIN

Masu karatu da yawa suna tsammani mawaƙin da suke gani a bidiyo a nan take yake rera waƙar da suke ji. Ba haka ba ne. Tun da fari ake ɗaukar waƙar a situdiyo, a gama ta sarai. A wurin ɗaukar hoto sai a kunna ta a lasifika, mawaƙi ya bi da bakinsa, daga baya mai tacewa ya daidaita leɓe da sauti a kwamfuta. Domin ya sami alamar daidaitawa, kafin kowace ɗauka wani yakan tsaya gaban kyamara ya tafa hannu sau ɗaya. Daraktan, yaro ne da bai wuce shekara ashirin da uku ba, ya hana mai jan waƙar motsa baki kawai. Ya ce tilas ta rera da ƙarfi, domin in ba ta yi ba jijiyar wuya ba ta motsi, mai kallo kuwa zai gane ko da bai san abin da ya gane ba.

Abu na biyu shi ne haske. Ƙarfe shida da rabi na safe muka isa, cikin sanyin hunturu irin na Jos, garin da yake bisa tudu kimanin mita 1,200 sama da teku. Hazo yakan tausasa rana a wannan lokaci, fuska ta fito da kyau. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyu kuwa rana tana tsakar ka, ramin ido ya yi baƙi, goshi ya yi ƙyalli, sai a ajiye kyamara. Fitila ba mu da ita. Wani farin allo mara nauyi aka ba ɗayanmu ya riƙe a ƙasa da fuskar yarinyar domin ya mayar mata da hasken rana. Dattijo ne mai jikoki, ya riƙe shi awa biyu bai yi gunaguni ba, sai da muka koma gida ya ce kafaɗarsa ta san an yi aiki.

Akwai wata dabara da ta ba mu mamaki. A wani baiti suna son mutanen kasuwa su riƙa tafiya a hankali kamar cikin mafarki, amma bakin mawaƙiya ya dace da waƙar. Sai suka ninka saurin waƙar sau biyu a lasifika, ta koma kamar kukan tsuntsaye, suka sa kyamara ta ɗauki hoto 50 a daƙiƙa maimakon 25 da aka saba. Da aka mayar da shi 25 a kwamfuta, kome ya rage sauri da rabi, baki kuma ya koma daidai da waƙar. Matan da ke sayar da kabeji a wurin sun yi dariya har da riƙe ciki sa'ad da suka ji yarinyar tana rattaba baiti kamar mai gudun kare.

Amma babbar matsalar kasuwa ita ce ba ta jiran kowa. Ka ɗauki rabin baiti da babbar mota a bayan mawaƙiya, kafin ka sake ɗauka motar ta cika ta tafi. Ka gyara wuri, mai baro ya ratsa. Yara kuma, da sun ga kyamara sai su cika gabanta suna ɗaga yatsu. Maganin da ɗaliban suka zo da shi tun daga makaranta shi ne su yanka waƙar gunduwa-gunduwa, kowace ba ta wuce daƙiƙa ashirin ko talatin ba, an rubuta a takarda inda za a ɗauki kowace. Ba a tsayawa gaban rumfar mutum fiye da minti goma. Rumfar da muka tare kuwa, mukan sayi wani abu kafin mu tashi, har muka koma gida da kabejin da ya ishi gida huɗu. Game da yara, ɗaya daga cikin ɗaliban ya ja su gefe da wayarsa yana ɗaukarsu suna tsalle, babbar kyamara kuma tana aikinta a ɗaya ɓangaren. Babu fuskar yaro ko ɗaya da ta shiga bidiyon, gama ba mu ga iyayensu ba balle mu tambaye su.

RANAR TASHA

Rana ta biyu muka nufi wata tashar mota, ba za mu faɗi sunanta ba domin laifin namu ne. Mun ga shugaban direbobi tun kwana biyar da suka wuce, ya ce mu zo. Baki da baki aka yi, babu takarda. Da muka iso bai fito ba tukuna. Maimakon mu jira, sai ɗokin hasken safiya ya ɗebe mu. Mai kyamara ya haye kan wata bas da ba ta lodi, ya juya gilashi wajen ƙofar shiga, yana ɗaukar fasinjoji suna tururuwa da kaya a ka.

Ba a yi minti uku ba aka kewaye mu. Wani ya fizge igiyar lasifika, wani ya riƙe ƙafar yaron yana cewa ya sauko. Muryoyi suka tashi: wa ya aiko ku, me kuke ƙirgawa a ƙofa, ina za ku kai hoton? Yaron ya rungume kyamarar, ta makaranta ce, ya sa hannu ya karɓo ta, kuɗinta kuwa ya fi abin da mahaifinsa yake samu a shekara. Mu manya muka shiga tsakani muna ba da haƙuri, muka sa kowane ɗalibi ya fito da katin makaranta, muka roƙa a kira shugaban a waya. Allah ya sa ya ɗauka. Sai da ya iso da kansa aka sake mu, lokacin rana ta riga ta take.

A hanyar gida ɗaliban suna ta cewa jahilci ne. Muka ce masu su yi hankali da bakinsu. Su yara ne ƙanana sa'ad da rikicin 7 ga Satumba 2001 ya ɓarke, waɗansunsu ma ba a haife su ba. Ba su ga babbar kasuwar Jos ta Taminus tana cin wuta a watan Fabrairu 2002 ba. Amma ko su sun isa tunawa da ranar 20 ga Mayu 2014, da bama-bamai biyu suka tashi a yankin Taminus suka hallaka mutum fiye da 100, yawancinsu masu saye da sayarwa ne. Mutumin da ya kwashi gawa a ranar, in ya ga baƙo a kan mota yana auna ƙofar tasha da kyamara, ba waƙa zai fara tunawa ba. Da mun zo da takarda mai sa hannu, da mun jira an tsaya kusa da mu, da ba a kai ga haka ba. Shawarar da wani ɗalibi ya kawo ta aro ƙaramin jirgi mara matuƙi don ɗaukar tashar daga sama, a nan take muka binne ta. Tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Ƙasa ta ce ba a tashin irinsa sai da izininta da na ofishin Mai Ba Shugaban Ƙasa Shawara kan Tsaro, ko da ma babu doka, wa zai tashi abu a kan tasha bayan abin da muka gani?

HOTON DA YA FI KOWANE KYAU

Duk da haka, abin da ya fi tsaya mana a rai ba hargitsin tasha ba ne. A ɗakin tacewa ya faru, babu ihu, babu kowa sai mu.

A ranar kasuwa, mai kyamara ya tsaya can nesa ya jawo hoto da dogon gilashi, yadda mutane ba za su san ana ɗaukarsu ba, su ci gaba da harkarsu. A ɗaya daga cikin waɗannan, mawaƙiya tana wucewa, sai ga wani dattijo mai sayar da tattasai, farin gemu, farar hula, ya ɗaga hannuwansa biyu sama yana murmushi, rana ta faɗo masa a fuska. Mai tacewa ya ɗora wannan hoto daidai inda waƙar ta ambaci sunan Yesu. Da aka kunna mana, ɗakin ya yi tsit. Gaskiya ba mu taɓa ganin hoto mai kyau irinsa daga hannun yaranmu ba. Wata daga cikinsu har ta share hawaye.

Sai ɗayanmu ya yi tambaya: shi Baban ya sani?

Daraktan ya ce ai shugabannin kasuwa sun ba da izini. Muka ce sun ba da izinin shiga kasuwa, ba su ba da fuskar kowa ba, gama ba tasu ba ce. Ya ce kasuwa wurin jama'a ne, doka ba ta hana ba. Mu ba lauyoyi ba ne, amma mun san sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, Dokar Kare Bayanan Mutane ta 2023 kuma ta sa abin da ya shafi addinin mutum cikin bayanan da ake ƙara tsanantawa a kansu. Sai dai ba doka ce ta dame mu ba. Abin da ya dame mu shi ne, duk wanda ya kalli wannan wuri zai ce dattijon nan yana ɗaga hannu ne ga abin da waƙar take faɗa. In ba haka ya yi ba, to, mun sa masa magana a baki. Mu da muke koya wa masu shirin baftisma Dokoki Goma kowace Asabar, mun san sunan wannan abu: shaidar zur ce, ko da an yi ta da hoto mai kyau. Kaset ɗin da iyayenmu suka yi a gindin dutse iyakarsa falon gida. Wannan kuwa YouTube za shi, daga nan ya bi WhatsApp ya shiga wayar maƙwabcin dattijon kafin mako ya zagayo, ba mai iya janye shi.

Yaron ya yi fushi ƙwarai, ba mu kuwa ga laifinsa ba. Saura kwana huɗu ya miƙa aikin, makinsa da na abokansa uku yana rataye a kai, ga shi ana ce masa ya cire abin da ya fi kome kyau. Ya ce, "Baba Katikis, in na cire wannan, me ya rage?" Muka ce ba mu ce ya cire ba tukuna. Mu je mu tambayi mai fuskar.

Kashegari, rana ta uku ke nan, muka koma da bidiyon a waya. Muka same shi yana kasa tattasai. Bayan gaisuwa muka tsuguna, muka nuna masa, muka fassara masa abin da waƙar take cewa a daidai wurin ba tare da mun rage kome ba. Ya kalla sau biyu. Ya yi dariya ya ce, "Ashe haka na tsufa!" Sa'an nan ya yi shiru kaɗan, ya ce, "Malam, hoton ya yi kyau, yaran nan sun iya aiki. Amma hannun da na ɗaga, direban da ya kawo mini kaya nake yi wa sallama. Ni nake jan salla a masallacin layinmu in liman ba ya nan. Ina da 'ya'ya, ina da surukai. Ku da kanku kun san garin nan."

Mun sani. Babu wanda ya ƙara kalma. Daraktan ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, a yi haƙuri, za mu cire." Dattijon ya dube shi ya ce, "Ɗana, kada aikinka ya lalace saboda ni. Waƙar ba ta abinci ba ce? Ga abinci. Ɗauki hannu, bar fuska."

Haka aka yi. Yaron ya durƙusa a ƙasa da kyamara, ya ɗauki hannuwan nan biyu masu jijiya suna ɗebo jan tattasai daga buhu suna tarawa kashi-kashi. Muka yi masa alkawari za a sa shi a inda kiɗa ne kaɗai yake tafiya, babu kalma, muka kuwa cika. A gurbin da fuskarsa ta bari, aka sa wata 'yar zumuntar matanmu mai sayar da karas a kasuwar, wadda ta san waƙar, ta kuma ce a sa ta da murna. Hoton nata bai kai nasa kyau ba, ba za mu yi ƙarya ba. Rana ta riga ta ɗaga sa'ad da aka ɗauke shi.

Wannan ya sa ɗaliban suka koma suka bi bidiyon daga farko, fuska bayan fuska. Duk wanda ya fito sosai har za a iya gane shi, suka neme shi suka tambaya. Da yawa sun yarda, waɗansu ma har suna neman a ƙara masu lokaci. Wata mata ta ce a'a, ba ta faɗi dalili ba, ba a kuma tambaye ta ba. Waɗanda ba a samu ba, aka yanke su ko aka dusashe hoton bayansu. Aikin ya ci masu dare biyu, suka miƙa shi ana saura awa kaɗan a rufe karɓa.

Bayan mako biyu muka ratsa ta Farin Gada muka nuna wa dattijon yadda ya fito. Ya riƙe wayar nesa da idonsa, ya jira har hannuwansa suka bayyana, ya ce a mayar baya ya sake gani. Sa'an nan ya kira maƙwabcinsa mai albasa ya ce ya zo ya ga ko zai gane hannun wane ne. Mai albasa ya duba ya ce ai ko a duhu ya san wannan kashi, gama babu mai tsuke kashi a layin nan kamarsa. Suna cikin wannan musu muka yi masu sallama, muka sayi tattasai kashi biyu, ya ƙara mana gyara.